Sunan Ƴar Fari

Asabar, da azahar

Yau da safe ina kan katako muna ƙara wa bangon lekkol, makarantar yara, tsawo, na ga abin da ban so gani ba. Daga can sama ana hangen tsakar lekkol gaba ɗaya. Yara sun yi layi a bakin famfo kafin a buga ƙarfe. Laure tana cikin layin, ƴar yayata Gwamma, da kallabinta shuɗi mai fararen furanni. Tun watan jiya ba ta cire shi ko a ɗaki, don ƙuraje sun sa an aske mata kai.

Iliyas, wani yaro ɗan kalas ɗinsu, ya zo ta bayanta. Na sha ganin yana bin ta da sunan nan da suke kiranmu da shi a garin nan. Yau bai tsaya ga suna ba. Ya fizge kallabin ya ɗaga sama yana juyi da shi, yara suka fashe da dariya. Ta sa hannu biyu ta rufe kai. Ya jefa kallabin cikin kwaɓin simintinmu. Sai ta sauke hannuwan ta ture shi. Turi ɗaya. Ya faɗa kan bulon da muka jibge a inda bai kamata ba, goshi ya fashe, jini ya rufe masa ido.

Kafin malamai su fito yaran sun watse. Abin da suka tarar shi ne yaro kwance cikin jini, yarinya tsaye a kansa.

Na sauko kamar zan ɗebi siminti, na tsamo kallabin na cusa a buhu. Ban je wurinta ba. A lekkol ɗin ba wanda ya san ni kawunta ne, kuma maigidan aikinmu ya sha gaya mana cewa mu baƙi da ba mu da kartin zama a ƙasar mu zama kamar bulo, ba ido, ba baki.

Ba ni kaɗai na gani ba. Amma wannan ba zan rubuta ba.

Asabar, bayan Magariba

An sallamo Laure, an ce kar ta koma sai an kira ta. Iliyas an kai shi likita an ɗinke goshin.

Gwamma ta dawo da farantin gyaɗa da alawar da take kaiwa bakin ƙofar lekkol kowace safiya, a cike kamar yadda ta fita da shi. Ta ajiye. Ta ciro wani tsohon ɗankwalinta ta jefa inda yarinyar take zaune, ba ta dube ta ba, ta ce, "Ke, rufe kan nan." Ba ta tambaye ta komai ba.

Laure ƴar fari ce. Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakin Gwamma ba. Da a gida Mirya ne, da wata gwaggo ce ta ɗauke ta riƙo, uwa ta huta da kunya. Nan Tamanrasat ba gwaggo, ba kaka. Sai suka tashi a ɗaki ɗaya, ɗaya tana cewa Inna, ɗaya tana cewa Ke. Haka innarmu ta yi wa Gwamma ita ma, har ta rasu.

Tuwo ya huce a kwano. Ni kaɗai na ci, ni ma ba da yawa ba.

Lahadi, da hantsi

Tun kafin yara su iso maigida ya sa muka kwashe bulon zuwa bayan bango, muka share wurin, muka yayyafa ruwa. Ya ce duk wanda aka tambaya, bulo bai taɓa kwana a tsakar lekkol ba. Issa, abokin aikina Bamaraɗe, ya ce a hankali to ashe yaron iska ya faɗa wa, iskar garin nan ce ke da kaifi. Maigida bai jin Hausa. Ya ga muna murmushi ya ce mu yi sauri.

Akwai ɗigon jini a jikin bulo ɗaya. Na juya shi ya dubi ƙasa.

Litinin, bayan La'asar

Uban yaron sunansa Akhamuk, Buzun garin nan ne, direba mai kai baƙi yawo cikin duwatsu. Ƙanensa jandarma ne. Yau ya zo lekkol da motarsa, ya daɗe a buron darakta, ofishin shugaban lekkol ɗin. Mai gadi ya gaya wa Issa cewa ƙara zai kai.

Na san abin da ƙara take nufi. Ba za su fara da tambayar wa ya ture wa ba. Da takardu za su fara. An rubuta Laure a lekkol da kartin ubanta Idrisa, shi kuwa ya tafi garin Janet tun sanyin bara waccan, kartin ya mutu, labari ya yanke. Gwamma ba ta da komai. Ni ba ni da komai. Daga buron jandarma sai kamyo, babbar motar kwashe baƙi, daga kamyo sai Ingizam a bakin iyaka, daga nan kuma ƙafa.

A nan aka haifi Laure. Ba ta taɓa ganin Nijar ba. Larabcinta ya fi Hausarta gudu, ita take karanta mana abin da ke rubuce a jikin magani.

Iliyas ya ce faɗan a kan layi ne, wai ya riga ta zuwa famfo ta ji haushi. Sauran yaran duk sun ce ba su gani ba.

Talata, da azahar

Mota ta tsaya a ƙofar gida, na leƙa ta tsagar ƙyaure in ga ko jandarma ne. Mai gas ne.

Laraba, da azahar

Yanzu muna shafe a gefen tagar kalas ɗin su Laure. Malamarsu, Mu'allima Takna, ƴar Abalessa ce, doguwa, ba ta ɗaga murya. Tun da muka fara aikin nan nake ganin wani abu da take yi wanda sauran malamai ba su yi. Da safe takan sa a tura tebura jikin bango, a shimfiɗa tabarmi, kowa ya cire takalmi, a zauna zobe har da ita. Tana da wani dutse baƙi mai santsi, cikin tafin hannu, irin na rafi. Wanda dutsen ke hannunsa shi ke da magana, sauran sai saurare. In ba ka son magana ka miƙa wa na kusa, ba mai tilasta ka. In yara biyu sun yi faɗa ba ta ɗauko bulala. Takan tambayi kowanne me ya faru, me ya ji a ransa, wa abin ya taɓa, me zai gyara shi.

Issa ya ce malamar nan ta buɗe fada ne ba shayi, mu kai mata buta da gawayi a cika lada. Da na ɗauka wasa ne ni ma. Amma na taɓa ganin yara biyu da suka yayyaga wa juna riga sun tashi daga tabarmar nan sun tafi famfo tare.

Yau ta bar gurbi ɗaya ba kowa, gurbin Laure. Iliyas ya dawo, da hula har gira, don an aske masa gaban kai wajen ɗinki. Ta yi tambayarta. Dutsen ya zagaya da sauri kamar yana da zafi, ba wanda ya riƙe shi. Da ya iso gurbin da ba kowa, sai ta ɗora shi kan tabarma ta bar shi ya ɗan jima a wurin.

Na yi ta shafa wuri ɗaya har Issa ya ce in bangon mace ce to ta amince.

Alhamis, bayan La'asar

Mu'allima ta zo gidanmu da ƙafarta, har unguwarmu Tahaggart. Na buɗe ƙofa, ta dube ni ta ce, ai kai ne na kan bango. Na ce ni ne. Ta dubi Laure, ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba.

Ta ce ta roƙi Akhamuk ya dakata da ƙarar, a zauna tukuna ranar Litinin, shi da ɗansa, Gwamma da ƴarta. Ya yarda da ƙyar, don ita ta koyar da babbar ƴarsa. Darakta ya ce ta gwada, in bai yi ba shi ba ruwansa.

Ta zauna ƙasa kusa da Laure suka yi ta magana ƙasa-ƙasa da Larabci. Na ji Laure ta faɗi zancen kallabi, tana kuka. Mu'allima ta ce ta ji, amma ba ita kaɗai ya kamata ta ji ba, sai a gaban kowa.

Da za ta fita ta tambaye ni ko daga sama na ga wani abu. Na ce rana tana idona.

Da safe rana a bayanmu take. Ita ma ta sani, tagarta da bangonmu gefe ɗaya suke kallo. Ta ce to, ta tafi.

Juma'a, bayan an sauko

A ƙofar masallaci na sami Alhaji Muhammad Kabir, mai kantin atamfa, wanda muke haya a gidansa. Ya riga ya ji. Ya ce mu bar zancen zama da tabarma, waɗannan mutane ba a zama da su a yi daidai. In kwashe su in kai ƙauyen Tit, akwai wani ɗan garinmu mai aikin lambu, su ɓuya har ƙura ta lafa. Na ce lekkol fa? Ya ce wane lekkol, ana maganar kamyo.

Na faɗa wa Gwamma. Ta ce, "In mun gudu, an ce ita ce." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Lahadi, da asuba

Ban gani ba. Rana tana idona. Na yi ta maimaitawa a zuci har a cikin salla, ko zan yarda.

Litinin, bayan Magariba

An zauna. Da ma ba a zauna ba.

Bayan an tashi yara aka yi. Na ja katako kusa da taga da sunan gyaran shafe, na ji komai. Akhamuk ya zo da rawaninsa ya rufe baki, ido kaɗai ake gani. Ya cire takalmi kamar kowa. Darakta bai zauna ba, ya tsaya bakin ƙofa da hannu a baya.

Iliyas ya maimaita zancen layi, yana kallon gwiwarsa. Akhamuk ya karɓi dutsen ya ce yana kan hanyar duwatsu aka aiko masa, ya juyo da baƙi a mota. Ya ce uwar yaron ta suma da ta ga rigar, kuma saura kaɗan ido ne. Bai yi faɗa ba. Ni kaina na ji masa.

Dutsen ya zo ga Laure. Ta ce, "Na ture shi." Ta dubi Akhamuk, ta dubi darakta, hannunta ya tafi ga ɗankwalin da ke kanta. Sai ta miƙa dutsen.

Ya faɗa hannun Gwamma. Mu'allima ta ce mata, a hankali yadda za ta gane, ta gaya musu wace irin yarinya ce wannan a gida, me take so a wurinta, don a san ta ba ta wannan rana kaɗai ba. Haka ta riga ta tambayi Akhamuk kan ɗansa, shi kuwa ya faɗi yadda yaron ke taya shi wanke mota. Gwamma ta riƙe dutsen da bakin mayafi. Ta ce Allah ya ba da haƙuri, yara ne. Mu'allima ta sake gwadawa. Ta ce to ko sunanta ta kira, ta gaya mata tana tare da ita. Gwamma ta kawar da kai ta dubi bango. Ta ajiye dutsen a ƙasa.

Sai Akhamuk ya ce, ba dutse a hannunsa, uwar da ta haife ta ma ta kasa tsaya mata, to me ake jira ya ji? Daga bakin ƙofa darakta ya ce shi ma abin ya ba shi mamaki, anya matar nan ita ce uwar yarinyar? A kawo masa takardar haihuwa da kartin uba.

Mu'allima ta roƙi a ƙara zama ɗaya. Akhamuk ya ce ɗaya, Litinin mai zuwa, don girmanta.

Cokalin shafe ya faɗi daga hannuna. Ba wanda ya waiwayo.

Talata, bayan La'asar

Na aiki Laure sayen sukari kanti mai nisa. Na ce wa Gwamma, Yaya, nan ba Mirya ba ce. Mutanen nan ba su san kunyar ɗan fari ba, sun ɗauka ƙin ta kike. Kalma ɗaya ce. Ta ce in yi mata shiru, ni da ban aje ko kaza ba zan koya mata riƙon ɗa. Wace uwa ce mai mutunci za ta zauna gaban maza baƙi tana yabon ƴarta ta fari, kamar mai tallar kaya? Na ce mutunci zai hau kamyo tare da mu.

Ta daɗe tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Can ta ce, "Rakiyatu fa? Na kira sunanta safe da yamma, na goya ta, na yi mata waƙa gaban kowa. Tana ina?"

Rakiyatu ce ƙanwar Laure. Ƙyanda ta ɗauke ta tana fara tafiya. Ban san Gwamma ta haɗa abin biyu a ranta ba. Ta ce wannan da ta yi wa shiru, bakin mutane bai gan ta ba, ga ta ta girma. Ba za ta nuna ta ba yanzu.

Akwai wata magana a bakina, kan inda take tsaye a safiyar nan. Na haɗiye.

Laraba, da hantsi

Na duba buhun. Kallabin ya bushe, ya sandare kamar busasshiyar fata. Ana ganin furannin ta cikin simintin.

Alhamis, da azahar

Yau rabin yini ake yi. Na jira yara suka watse, na wanke hannu, na tsaya a ƙofar kalas. Na ce wa Mu'allima rana ba ta idona. Ta ce ta sani.

Na faɗa mata duka, har bulo. Sannan da guntun Larabcina na yi ƙoƙarin gaya mata yadda ɗan fari yake a wurinmu, cewa uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa a gaban mutane, kuma wadda ta fi riƙe wannan ita ake cewa ta san girma. Zancen Rakiyatu ban faɗa ba, ba nawa ba ne.

Ta dafa kai. Ta ce su ma ai namiji ba ya kiran sunan surukinsa, ba ya ko shan ruwa a gabansa, yana ƙara jan rawani ne in ya gan shi. Ta ce Akhamuk zai gane wannan in an gaya masa. Ta ce ta matsa wa Gwamma a inda bai kamata ba.

Ta tambaya ko zan zauna a tabarmar a matsayin kawu. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ba ta da iko a kan maigidana, ba ta da iko a kan darakta. Dutsen kaɗai take da shi. In ya zo hannuna na ga ba zan iya ba, in miƙa gaba.

Na ce zan yi tunani.

Asabar, bayan La'asar

Mai gadi ya kai wa maigida labarin an gan ni a kalas. Ya kira ni bayan bango. Ya ce ya riƙe ni da kyau, bai taɓa tambayata takarda ba. In kalmar bulo ta fito daga bakina, kar in dawo, kuma ya san unguwarmu.

Issa ya ba ni shayinsa na farko, wanda ba ya ba kowa. Ya ce in aka kore ni in bar masa takalmina na roba, nasa ya huje. Na ce Bamaraɗe ko a makabarta sai ya yi ciniki. Muka yi dariya, ba ta kai ciki ba.

Lahadi, bayan Magariba

An ce an kwashi mutane da safe a mahaɗar da ƴan aikin yini suke jiran masu ɗauka. Wasu sun ce mota biyu, wasu sun ce fiye. Ban je na gani ba.

Gwamma ta ɗaure ƙunshi ta ajiye bayan ƙofa. Laure ta ɗora littattafanta a kai. Gwamma ta ce, "Ke, wa zai ɗauki wannan nauyi?" ta sauke su. Da yarinyar ta fita alwala, na ga ta kwance ƙunshin ta sa su a tsakiya, ta cire tukunya ɗaya.

Gobe ne.

Litinin, bayan Magariba

An zauna. Laure za ta koma kalas gobe. Sauran sai gobe, yau ba zan iya rubutu ba.

Talata, da hantsi

Ba ni da aiki yau, ina da lokaci.

Jiya na shiga da buhuna, na cire takalmi. Darakta ya dube ni daga sama har ƙasa, siminti a gashina. Mu'allima ta ce wannan kawun yarinyar ne, ƙanen uwarta. Ita ta fara riƙe dutsen. Ta ce wancan zama ta yi kuskure, ta nemi uwa ta yi abin da a wurinsu rashin kunya ne. Ta bayyana, ta kawo misalin suruki da rawani. Na ga hannun Akhamuk ya tafi ya gyara rawanin a kan hanci.

Dutsen ya zo mini. Yana da ɗumi, ban zata ba. Na ciro kallabin na ajiye a tsakiya, ya yi ƙara kamar katako. Laure ta ja numfashi. Na faɗi layi, na faɗi sunan da ake kiranta da shi, na faɗi fizga da dariya da turi. Na ce turin da kansa ba zai fasa goshi ba, bulonmu ne, mu muka bar shi a wurin, washegari muka kwashe. Da na faɗi wannan sai na ji kamar katako ya zame a ƙarƙashina.

Akhamuk ya miƙo hannu na ba shi dutsen. Ya ce bai ce na yi ƙarya ba. Amma ni kawunta ne, na yi shiru duk kwanakin nan, sai yau na zo da tsumma a buhu. Ɗansa ya ce wani abu, ni na ce wani. Bayan ni, akwai babban da ya gani?

Na dubi tabarma. Na ƙirga zaren da ya fita a bakinta. Na riga na yanke tun a gida cewa ba zan faɗa ba, ko da kamyo ne.

Sai na ga hannu ya fito daga cikin mayafi, ya buɗe.

Mu'allima ta ɗauki dutsen ta sa a ciki. Gwamma ta juya ta fuskanci bango kamar wancan karo. Da Hausa ta yi magana, ta ce in juya musu. Ta ce tana bakin ƙofa da farantinta, ƙofar a buɗe. Ta ga an cire kallabin, ta ga an jefa. Ta ce ta ga kan ƴarta a buɗe a gaban mutane, ƙafarta ta ƙi tashi, bakinta ya ƙi buɗewa, har yarinyar ta ɗaukar wa kanta. Na juya musu.

Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Laure ba ta taɓa dukan ɗan kowa ba. Ni na haife ta, ni na sani."

Na juya sauran, sunan bai buƙaci juyi ba. Laure ta ɗago kai tana waige, kamar wadda aka kira daga nesa ba ta san ta ina ba. Gwamma ta ajiye dutsen ta ja mayafi ta rufe fuska duka.

Iliyas ne ya rarrafo ya ɗauki dutsen. Ya yi ta juya shi. Ya ce yara sun ce kanta ba gashi, ya so ya gani. Ya ce ranar da ya dawo wani ya cire masa hula a hanya, aka yi dariya, ya kasa cin abinci. Bai ƙara ba, kuka ya ci ƙarfinsa. Ubansa bai dube shi ba, bai kuma hana shi ba.

Mu'allima ta tambayi Laure wa abin ya taɓa. Ta ce Iliyas, da innarsa da ta suma, kuma ita ma kullum sai ta ga jinin in ta rufe ido. Ta ce ya yafe mata. Aka tambaye ta me zai gyara nata. Ba ta ce kallabi ba. Ta ce ya bar sunan nan, kuma ya faɗa wa kalas abin da ya faru da dutsen a hannunsa, ita tana zaune. Aka tambayi Iliyas, ya gyaɗa kai.

Akhamuk ya karɓa a ƙarshe. Ya ce ba ƙara. Ya ce matarsa za ta aiko da kallabi. Sannan ya juya wajen bangon da Gwamma ke fuskanta, ya sauke ido ƙasa yadda suke yi wa manya, ya ce maganar da ya faɗa wancan zama bai san hanya ba ne, ta yi haƙuri.

Darakta bai sake zancen takardu ba. Bai kuma ce ya bar shi ba. Ya dai tambaye ni sunan maigidana, ya fita.

Da na je ɗaukar kayana maigida bai yi mini magana ba, ya nuna ƙofa da haɓa. Na bar wa Issa takalmin. Ƙunshin yana nan bayan ƙofa, ba mu kwance ba. In mota ta tsaya har yanzu sai na leƙa.

Yau da safe Gwamma ta ce, "Ke, za ki makara." Laure ta ce to, Inna, tana murmushi ita kaɗai tana ɗaura ɗankwali. Suka fita, ɗaya da jaka, ɗaya da faranti, tazara a tsakaninsu kamar kullum.

Na koma na karanta abin da na rubuta a ranar farko. Na bar wuri ɗaya ba cikawa. A safiyar nan ina kan bango, ni Sufyanu. A bakin ƙofa kuma, da faranti a ka, akwai yayata Gwamma, uwar Laure.